Shawarar wata: a duba murhu kafin sanyi

 Damana ta wuce, sanyi ya ƙarato. Lokaci ya yi da za a duba murhun laka, wanda ake kira Albarka.

Kwanan baya wata ɗaliba ta ajinmu na yaƙi da jahilci ta ce mani: "Malam, murhun nan bai rage mani icce ba ko kaɗan." Da munka tafi gidanta, sai munka tarar ruwan sama ya tsaga shi wuri 2. Ta nan zafi ke gudu.

Ga yadda ake dubawa. A ɗora tukunya, a kunna kara mai ɗan damshi. In hayaƙi ya ɓullo ta jikin murhu, to akwai tsaga. Sannan a gwada tsakanin tukunya da bakin murhu. In ya wuce faɗin yatsa guda, bakin ya cinye.

Gyaran ba shi cin ko dala. A bari murhu ya huce. A kankare tsagar, a jiƙa ta. A kwaɓa laka da ƙaiƙayi da kashin jaki, a cusa sosai, a shafe baki. A rufe da tsohuwar tabarma har ya bushe. In an kunna wuta da ɗanye, sai ya sake tsagewa.

Maigida, kar ka ce aikin mata ne. Iccen da ke ƙonewa a banza, uwargida ce ta ɗauko shi a ka daga daji mai nisa.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.