Wasiƙa zuwa ga masu sayar da maganin gona a Urafane



Manomi yakan zo rumfarku da kwalba a hannu yana tambaya ko ta dace da wakensa, sai a ce masa ya dakata har a ga malamin gona a Tasawa. Kafin a gan shi, tsutsa ta cinye furen. Wani mai rumfar ma ba ya jira, sai ya miƙa abin da ke kusa da hannunsa. Wannan ya fi damuna, domin amsar tana cikin wayar da ke aljihunku.

Babban sunan da ke gaban kwalba na ciniki ne kawai. Ku nemi sunan sinadarin, wanda ake rubutawa da ƙananan haruffa, sau da yawa da Turancin Ingilishi tunda mafi yawan kayan daga Najeriya suke shigowa. Ku rubuta shi a waya, ku duba ko yana cikin jerin magungunan da kwamitin ƙungiyar CILSS ya amince da su a ƙasashen Sahel. An haramta endosulfan tun 2007, paraquat kuma a 2011, amma wanda bai duba ba zai iya sayar da su da zuciya ɗaya. Ku duba har da yawan kwanakin da za a jira bayan feshi kafin a tsinki amfanin. Waken nan 'ya'yanmu ne za su ci shi.

Ba kowane bidiyon WhatsApp ne abin dogara ba. Shafin RECA, haɗaɗɗiyar ƙungiyar majalisun manoman Nijar, yana da bayanai kan magungunan da ke yawo a kasuwanninmu, waɗanda aka yarda da su da waɗanda ba a yarda da su ba.

Wani lokaci binciken zai nuna muku cewa maganin ba ya cikin kwalba. Murzunar da ke cin zangarniyar hatsi, masana na cibiyar binciken noma ta INRAN a Maraɗi suna yaƙar ta da wani ɗan ƙwaro da ke kashe ta. Wake kuma yana ajiyuwa a buhun PICS mai ruɓi uku ba tare da an zuba masa komai ba. Ku faɗa wa manomi haka, ko da cinikin ranar zai ragu.

Inda intanet ke wahala, ku sauke jerin a waya ranar da kuka shiga Tasawa ko Mayahi. Don Allah, kada kwalba ta bar rumfarku ba ku san abin da ke cikinta ba.