Kusheyin Durɓi da sakacinmu

A ƙasar Mani, gabas da birnin Katsina, akwai wasu tuddai da baƙo zai wuce bai waiwaya ba. Kusheyin Durɓi Takusheyi ke nan, inda tarihin baka ya ce nan sarakunan Durɓawa suke kwance.

A 1907 Razdan Palmer ya haƙa wasu daga cikinsu da yardar Sarki Muhammadu Dikko, amma kayan da ya tono sun bi ruwa. Sai a 1992 aka sake tona uku ƙarƙashin jagorancin Bajamushe Dierk Lange. A kowane tudu mutum ɗaya aka tarar, an rufe shi da dukiyarsa: awarwaron hauren giwa, duwatsun ado, wuri, kayan zinariya, da tasoshin tagulla masu zane irin na ƙasashen Musulmi na Gabas. Bincike ya kai wasu kusheyin ƙarni na 13 zuwa na 14.

Tasoshin nan su suka fi tsaya mini a rai. Kafin tasa ta iso nan sai ta ratsa Sahara a bayan raƙumi, ta bi hannun fatake da dillalai, kuma sai an sami mai abin saye. Haka ma wuri, da tekun Indiya ce mahaifarsa. Ashe tun kafin zuwan Shehu Maghili a ƙarshen ƙarni na 15, ƙasar Hausa tana cin kasuwa da duniya.

To me ya sa ba a jin wannan a makarantunmu? Ina jin har da ƙyamar da muke yi. Da an ce an binne mutum da kaya, sai wani ya taɓe baki ya ce ai harkar Maguzawa ce. Na san tonon kabari ba ƙaramin abu ba ne a wurinmu, kuma ban ce a bi maƙabartu da diga ba. Amma kakanni ba a canza su, ko sun yi salla ko ba su yi ba.

Abin kunyar shi ne sai da aka kai kayan birnin Mainz na Jamus aka gyara su, can aka fara baje kolinsu kafin su dawo gida. Ga jami'o'i a Katsina da Dutsin-Ma, ga sashen binciken kufai a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Gwamnatin jiha ta kewaye wurin, ta sa masu gadi da albashi, ta ba ɗalibanmu kuɗin aiki kafin masu haƙar dare su riga su.