Tantin Mutum Ɗaya: A Buɗe Wa Matasan Bauchi Hanyar Kwana A Dajinsu

Kirarin da ke jikin lambar motocinmu yana cewa Bauchi ce lu'ulu'un yawon buɗe ido, kuma ba ƙarya aka yi ba. Allah Ya ba mu Yankari, Ya ba mu Sumu da Lame-Burra, ga duwatsun Dass, ga zane-zanen mutanen da a jikin duwatsun Geji da na Shira. Amma mai karatu, ka tsaya a Yelwa ko Gwallameji ka tambayi ɗaliban da ke kai da komowa, su waye a cikinsu suka taɓa kwana a ɗaya daga cikin waɗannan wurare? Waɗanda suka taɓa zuwa ma, galibi zuwan yini ɗaya ne a motar makaranta. A isa da rana tsaka lokacin da namun daji duk sun shige inuwa, a yi wanka a ruwan Wikki na Yankari, a ɗauki hotuna, a juyo kafin magariba. Wanda ya yi irin wannan zuwa ya ga hanya ne kawai, bai ga daji ba.

Babban abin da ke hana kwanan shi ne kuɗin masauki. Ɗalibi ko ƙaramin ma'aikaci da ya yi ta maza ya haɗa kuɗin mota da na shiga, ba shi da sauran abin kama ɗaki. Shi ya sa nake so mu yi magana a kan wani ƙaramin kaya da zai iya kawar da wannan cikas, wato tanti mara nauyi na mutum ɗaya, wanda ake naɗewa a jefa cikin jakar baya. Ra'ayina shi ne lokaci ya yi da za mu riƙa ɗinka irinsa a nan Bauchi daidai da yanayin ƙasarmu, gwamnati kuma ta tanadi filaye masu tsaro inda za a riƙa kafa shi.

Mu fara da abin da ake asararsa. An keɓe Yankari a matsayin gandun namun daji a 1956, aka buɗe shi ga jama'a a 1962. Ya koma hannun Gwamnatin Tarayya a 1991, sannan aka dawo wa Jihar Bauchi da shi a 2006. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 2,244, kuma yana cikin 'yan wuraren da suka rage a Najeriya da ake samun garken giwaye. Akwai ɓauna, akwai gwanki, akwai dorina a Kogin Gaji. Ruwan Wikki kuwa ɗuminsa ba ya sauka daga kusan digiri 31, ko da rani ko da damina. Duk wanda ya san daji zai gaya maka cewa dabbobi da sanyin safiya suke fitowa, sai kuma da la'asar sakaliya in rana ta yi sanyi. Daga Bauchi zuwa masaukin Wikki tafiya ce ta fiye da kilomita 100. Ke nan in ba kwana ka yi ba, waɗannan lokuta biyu duk sun wuce ka.

To yaya tantin yake? Ba irin kanofin da ake hayarsa a wurin biki ba ne, ba kuma irin na sojoji mai kauri da sai ƙarti sun taru kafin a ɗaga shi ba. Na kirki a cikin irin wanda nake nufi nauyinsa kilo 1 ne zuwa 1 da rabi, bai wuce mudun shinkafa ba. In ka kwance ƙullin za ka tarar da abu huɗu: ɗakin ciki wanda yawancinsa raga ce mai ƙananan idanu, da rufin waje na yadin nailan da aka shafa wa maganin hana ruwa, da siraran sandunan alminiyam da igiyar roba ta ratsa cikinsu, sai 'yan turaku na kafewa a ƙasa. Kana girgiza sandunan sai su harhaɗe da kansu. Ka gicciya su, ka lanƙwasa, ka maƙala ɗakin a jikinsu, ka yafa rufin a sama, ka ja igiyoyi. Wanda hannunsa ya saba, kafin ruwan shayi ya tafasa ya gama. Cikinsa ya ishi mutum ya miƙe ƙafa, ya zauna ba tare da kansa ya taɓa sama ba, ya ajiye jakarsa a gefe. In ya ja zif, ba sauro, ba kunama, ba maciji.

Wani zai ce ai wannan al'adar Turawa ce. Ban yarda ba. Kakanninmu fatake da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro watanni suke yi a hanya, suna yada zango inda madugu ya ce a sauka. Bafulatana takan tayar da bukka cikin yini guda da kara da ciyawa da tabarmi, in lokacin tashi ya yi a ɗora abin da za a ɗora a kan bijimi a kama hanya. Buzayen Nijar da tantin fata suke ratsa hamada. Alhazanmu kuma duk shekara a cikin tantuna suke kwanakin Mina. Abin da ya zo daga waje shi ne yadin nailan, wanda aka ƙirƙiro a Amurka a shekarun 1930, da sandunan da ba su da nauyi. Su suka sa mutum ɗaya yake iya goya ɗakin kwanansa ya hau dutse da shi. Amma sanin yadda ake kwana a daji a tashi lafiya, wannan gadonmu ne, zaman birni ne ya sa muka sake shi.

Sai dai ba kowane tanti ne ya dace da mu ba, kuma nan ne mai saye yake bukatar buɗe ido. Yawancin waɗanda ke faɗowa cikin kayan gwanjo an yi su ne domin ƙasashen sanyi, inda burin mai shi shi ne ya tare iska. Mu kuwa iskar muke nema. Ka shiga tanti mai rufi ɗaya, mara tagogi, a daren watan Afrilu a Bauchi, ba za ka yi rabin awa ba za ka fito kana haɗa gumi. Da damina kuma numfashinka ne zai taru a jikin rufin ya riƙa ɗigo maka, ka ɗauka yoyo yake yi. Don haka mai rufi biyu za ka nema, wanda ɗakin cikinsa raga ce. Da zafi ka yaye na saman ka kwana kana shan iska, da damina ko hunturu ka mayar da shi.

In tantin na hannu ne, kada ka biya sai an warware maka shi. Ka ɗaga rufin saitin rana ka duba ko akwai huji. Ka shafa cikinsa. In ka ji yana danƙo ko yana ɓarewa kamar garin alli, maganin hana ruwan ya mutu, kuma wannan ba ya gyaruwa cikin sauƙi. Ka ja zif ɗin sama da ƙasa sau da yawa, domin shi ne farkon abin da ƙurar hunturu ke kashewa. Ka ƙirga sanduna da turaku. A jikin sababbi akan rubuta wata lamba da ke nuna ƙarfin yadin wajen tare ruwa. Rufin da bai kai milimita 1,500 ba kada ka dogara da shi a ruwan Agusta, shimfiɗar ƙasan kuma gara ta kai 3,000. Sannan ka nemi wanda yake tsayuwa da sandunansa ko ba a kafa turke ba, saboda a kan fa ko ƙasar da rani ya ƙeƙasar turke ba ya shiga. Rana kuma tana cin nailan, don haka kada a bar shi a kafe yini bayan yini ba dalili.

Duk wanda ya karanta wannan bayani zai ga cewa babu wani sihiri a ciki da ya fi ƙarfin masu sana'armu. Ka zaga Kasuwar Wunti ko Muda Lawal ka ga masu ɗinkin tamfol, da masu yi wa Keke Napep rumfa da labule, da masu ɗinka jakunkunan makaranta. Waɗannan hannaye sun san yadi mai kauri, sun san zif, sun san ɗinkin da ba ya ɓarkewa. Abin da ya rage musu shi ne samfuri mai kyau da za su kwaikwaya, da yadin da ya dace, da dabarar toshe layin ɗinki don kada ruwa ya bi ramin allura. Nan ne Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ya kamata su shigo. A ba ɗalibai aikin kammala karatu na zayyana tantin da ya dace da zafin Bauchi da ƙurarta da ruwanta, a haɗa su da teloli, a gwada shi a fili. Ko da namu ya ɗan fi na waje nauyi, in ya fi araha kuma ana iya gyara shi a bakin kasuwa, ya biya bukata.

Masu saye kuwa ba masu yawon buɗe ido ne kaɗai ba. Ma'aikatan da ke gadin Yankari sukan yi kwanaki a daji suna sintiri a kan mafarauta, cikin ruwa da ƙudan tsando, kuma su ne suka fi kowa cancantar makwanci mai kyau. Ga ɗaliban ilimin ƙasa da na gandun daji masu fita aikin fili. Ga 'yan sikawut da 'yan agaji masu zuwa sansanin horo. Ga manomin da ke kwana a gona lokacin girbi yana gadin amfaninsa, sauro yana cinsa har gari ya waye. Kowane ɗaya daga cikinsu ya fi bukatar wannan kaya a kan baƙon da ke zuwa sau ɗaya a shekara.

Na san abin da ke ran iyaye, kuma suna da gaskiya: tsaro. Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa masu garkuwa da mutane sun addabi wasu ƙauyukan Alkaleri da ke bakin daji a 'yan shekarun nan. Saboda haka ba na kiran kowa ya saɓi jaka ya faɗa daji shi kaɗai. Tantin ne na mutum ɗaya, tafiyar ta jama'a ce. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma addininmu ma ya yi horo da a yi tafiya cikin abokai, a naɗa shugaba a tsakani. Amfanin kowa ya zo da nasa shi ne nauyin ya rarrabu, kuma kowa ya samu sirrinsa, abin da ke da muhimmanci ƙwarai ga ɗalibai mata da ke fita aikin fili tare da malamansu.

Abin da nake nema daga hukumomin yawon buɗe ido na jiha ba babban aiki ba ne. A ware fili a kusa da masaukin Wikki, da wani a Sumu, wurin da aka zuba raƙuman dawa da jakunan dawa da aka kawo daga Namibiya a 2006. A kewaye filin, a sa famfo da banɗaki da wurin alwala, a raba ɓangaren maza da na mata, a ajiye masu gadi dare da rana. A tanadi akwatunan ƙarfe na ajiye abinci, domin duk wanda ya je Wikki ya san birai ba sa jin kunyar buɗe jakar baƙo. A sa kuɗi kaɗan da ɗalibi zai iya biya, a ajiye tantunan haya ga wanda ba shi da nasa. Ƙasashe irin su Kenya da Afirka ta Kudu sun daɗe suna tafiyar da irin waɗannan filaye a cikin gandayensu, kuma hakan bai kashe otal-otal ɗinsu ba. Yaron da ya kwana a tanti yau, shi ne zai dawo da iyalinsa ya kama ɗaki in Allah Ya buɗa masa. Shi ne kuma zai ji zafi in ya ji an harbe giwa, domin mutum ba ya kishin abin da bai sani ba.

Ga masu niyyar farawa, akwai ƙa'idojin da ba a wasa da su. Kada a kunna gawayi, ko risho, ko kyandir a cikin tanti, komai tsananin sanyi. Hayaƙin gawayi yana kashe mai barci bai sani ba, nailan kuma nan take yake narkewa ya manne wa fata. Gobarar da ta tashi a tantunan Mina a 1997 ta ci rayukan alhazai fiye da 300, ita ce ta sa Saudiyya ta sauya su da waɗanda ba sa kama wuta. Kada a kafa tanti a cikin busasshen rafi ko kwari da damina, domin ruwan da aka yi a wani wuri yakan iso cikin dare ba sallama. In hadari ya taso a sauko daga kan dutse, a kuma nisanci doguwar bishiyar da ke tsaye ita kaɗai. A kakkaɓe takalmi da safe kafin a sa ƙafa. A sanar da mai unguwa ko ma'aikatan gandu inda aka sauka. In za a tashi a kashe wuta da ruwa har sai toka ta yi sanyi, a kwashe leda da gwangwani a fito da su.

Kirana ga Gwamnatin Jihar Bauchi shi ne ta tanadi waɗannan filaye kafin kakar ganin namun daji mai zuwa, wadda ke kankama da shigowar rani. Shugabannin manyan makarantunmu su ɗauki zancen ɗinka tanti a matsayin aikin yi. Iyaye kuma, in an samar da wuri mai tsaro da jagora nagari, ku bar yaranku su je su kwana su ga ƙasarsu da idonsu. Gani ya kori ji. Allah Ya zaunar da jiharmu lafiya.