Maki 9 Da Na Bayar A Itas

Ina da 'yar magana ga 'yan'uwana masu koyon aikin malanta, tun ba waɗanda za su koyar da zanen gini ba.

Bara da aka tura ni gwajin koyarwa a garinmu Itas, na sa yara kowa ya zana mini gida. Wani yaro ya kawo nasa tsaf, layi a miƙe, ga manyan tagogi. Na ba shi maki 9 cikin 10. Da yamma na nuna wa kawuna, wanda ya tsufa cikin aikin gini. Ya jujjuya takardar, ya ce, "Malam, ina gabas a nan?" Na yi shiru. Ya ce, "Ruwan damina daga gabas yake bugowa. Ina indararo zai zuba? In baƙo ya tsaya a zaure, ba zai hango matan gida ba? Wannan ɗaki kuma da me za a rufe shi? Azara ba ta wuce ƙafa 6 ba tare da ta lanƙwashe ba."

Kashegari na tambayi yaron. Ashe daga kalanda ya kwafo! Wanda na ba maki 4 kuwa, saboda takardarsa duk goge-goge ce, sau 3 yana sauya wurin ƙofa don kada ta fuskanci ruwa.

Magina ba haka suke koyarwa ba. Yaronsu yakan fara da haƙar ƙasa da cuɗa ta, sa'an nan tubali, sa'an nan miƙa wa na kan bango, maigidansa yana kallon hannunsa kullum. Sana'ar da ta haifi Babban Gwani Muhammadu Durugu ke nan, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wajen 1836.

Ra'ayina shi ne a raba makin biyu. Rabi ya tafi ga hanyar da yaro ya bi: ya je fili ya auna, ya tambayi masu gida, ya gwada siffar da laka, ya ajiye kowace takarda da ya ɓata. Sauran rabin na zanen ƙarshe ne.

Na san za a ce aji ya cika, lokaci kuma kaɗan ne. Gaskiya ne, ni ma na sha wuyarsa. Amma gara gida 1 a zango, an bi shi daki-daki, da gida 5 na kalanda. Da na gwada haka, yaron nan mai maki 9 sai da ya yi mako 2 yana fushi da ni, kafin ya zo aron igiyar awo.