Sarkin Bauchi Yakubu Da Darasinmu Na Tarihi

'Yan'uwana masu koyon aikin malanta, ga wata magana da ta dame ni tun da na dawo daga gwajin koyarwa.

Wata rana na tambayi yaran ajina wanda ya kafa garin Bauchi. Suka amsa baki ɗaya kamar masu karatun allo, "Malam Yakubu, a 1809!" Na ce to madalla, ina ganuwar da ya gina? Aji ya yi tsit. Wani yaro kullum ta Ƙofar Wunti ya ke wucewa, amma a ganinsa sunan kasuwa ne kawai.

Laifinmu ne, mu malamai. Mun mai da Yakubu shekaru biyu na haddacewa, 1805 da 1845, alhali kuwa labarinsa ya isa a tara yara a gindin itace su saurara. Ga yaro Bagere, ɗan Dadi, ya tafi almajiranci wurin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a Degel. Da jihadi ya tashi Shehu ya ba shi tuta, ko da ya ke shi ba Bafillace ba ne kamar sauran masu tuta. Karatu da amana su suka kai shi. Ya zauna a Inkil tukuna, sa'an nan ya sari gari, aka sa masa sunan wani maharbi, Baushe. A 1827 kuwa, da Shehu Laminu na Barno ya taso da rundunarsa ya nufi Kano, Yakubu ne ya tare shi ya mai da shi baya. Wane yaro ne zai yi gyangyaɗi ana wannan labari?

Kada kuma mu ɓoye sauran. Ya yaƙi mutanen duwatsu, an kama bayi, jikokin waɗansunsu suna zaune a ajinmu. Ni dai a ganina gara su ji daga bakin malami mai adalci da su ji a bakin titi.

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Ganuwar kuwa yawancinta ya zube, gidaje sun hau kansa. Saboda haka ina roƙon kowane malami ya ware rana guda, ya fita da ajinsa tun daga Ƙofar Ran har Ƙofar Inkil, su nemi dattawan unguwa su nuna musu inda bangon ya bi, yara su zana taswirarsa a littafinsu.