Kada Mu Raba Yara Da Hanyar Gida

Mai karatu, akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin 'yan Zamfara mazauna Kano da Kaduna da Abuja, musamman idan salla ta ƙarato ko an ba da hutun makaranta: wai maigida ya je gida shi kaɗai, a bar yara da uwarsu, hanya ba ta yaro ba ce. Ni dai ban yarda da wannan hukunci ɗungurungum ba, ko da wasu za su ce ganganci nake koyarwa.

Tsoron ba na banza ba ne. Asalina Wanke ne, kusa da Gusau, don haka ba a rediyo nake jin abin ba. A watan Nuwamba na 2024 'yan bindiga sun shiga garin suka kwashi mutane masu yawa, har da liman. Kafin nan, a Satumba na 2021, an katse layukan waya a jihar baki ɗaya, aka rufe kasuwannin mako, muka yi makonni ba mu ji muryar iyayenmu ba. Wanda ya ga wannan ya ce ba zai ɗauki ɗansa ya bi hanyar Funtuwa zuwa Tsafe ba, ba zan kira shi matsoraci ba.

To amma a duba abin da muke asara. Yau akwai yara 'yan shekara goma da ba su san kakarsu ba sai a hoton waya, idan an ce Zamfara abin da ke faɗo musu a rai shi ne bindiga. Bahaushe ya ce zumunci a ƙafa yake, bai ce a kati yake ba.

Ita kanta hanyar makaranta ce, ga wanda ya buɗe baki ya koyar. Idan muka taso daga Kano bayan sallar asuba, nakan sa yarana su riƙa kiran sunan kowane gari: Gwarzo, Dayi, Malumfashi, Bakori, Funtuwa. A Funtuwa mukan tsaya shan shayi da cin ƙosai, in ba su labarin auduga, da layin dogo da ya taso daga Zariya ya ratsa nan ya bi ta Gusau har Ƙauran Namoda tun zamanin Turawa. Daga nan sai Sheme, sai 'Yankara, sai Tsafe. Wurin da na fi so shi ne inda dutsen Kwatarkwashi ke bayyana, a ƙasar Bunguɗu. Duk ƙiriniyar da ake yi a kujerar baya, da faɗa kan wa zai zauna bakin taga, sai ka ji tsit. Nan nake gaya musu yadda mutanen da ke yin bikin kamun maiki a kan dutsen. Tambayoyin da ke biyo baya sukan kai mu har Gusau, wasu ma sai an isa gida kaka ta amsa. Marigayi Abubakar Imam da ya je Ingila a 1943 ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi. Ina ganin ɗan da aka kai garin kakansa ma ya sami nasa mabuɗin, ko da ƙarami ne. (Wannan fa idan ba a danƙa masa waya a hannu tun daga ƙofar gida ba, don a huta da surutunsa.)

Sai dai tafiya da yara tana da sharuɗɗan da ba na sassautawa. Da rana ake yin ta, a isa Gusau kafin la'asar, ko me za a bari a baya. A duba mota tun jajibere, taya da birki da ruwa, domin lalacewar mota a dajin da ke tsakanin 'Yankara da Tsafe ba abin wasa ba ne. Yaro kuma a kujerar baya yake zama, ba a cinyar babansa a gaba ba. Idan motar haya ce, gara a biya wa yara kujera da a cusa su kamar buhun gero. Na san tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin mota ya zama abin da ya zama, to a rage zuwan, sau ɗaya a shekara ma ya wadatar.

Idan an isa shingen jami'an tsaro yaro ya tambayi dalili, a gaya masa gaskiya daidai hankalinsa. Ya riga ya ji a makaranta, kuma abin da ya ji ya fi gaskiyar muni.

Game da Wanke kuwa, ba ni ke yanke shawara ba. A Gusau muke sauka, in tambayi mutanen gari. Idan suka ce a shigo, mu shiga da hantsi mu fito kafin rana ta yi sanyi. Idan suka ce a dakata, sai tsofaffi su fito Gusau, a shimfiɗa tabarma a gidan ɗan'uwa, a dama fura, jikoki su kwana biyu suna jan zanen kakarsu.