Tarakta a Gwanjo: Lissafin da Ake Yi Kafin a Yi Tayi

Da zarar an kammala kaka, masara ta shiga buhu, rake ya fara fitowa daga fadamun Rogo, sai hirar majalisu a Karaye da kewayenta ta karkata kan tarakta. Manomin da ya sha zaman jira a watan Yuni, yana kallon ciyawa tana rufe gonarsa saboda taraktar haya tana can garin gaba, ba ya mance wannan takaici idan kuɗi suka shigo hannunsa. Ladan ƙodago ya hau, samarin da ke riƙe garma da yawa sun tafi birni ko sun hau babur, shanun huɗa kuma, ban da tsadarsu, sun zama dukiyar da ke hana mai ita barci a yankin da ya yi iyaka da Katsina da Kaduna. Sabuwar tarakta kuwa, tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023, ta yi wa matsakaicin manomi nisa. Abin da ya rage masa shi ne tsohuwa, kuma inda ake sa ran samunta da araha shi ne gwanjo.

Gwanjon ba iri ɗaya ba ne. Akwai na ma'aikatu da hukumomin gwamnati, idan sun yanke shawarar rabuwa da kayan da suka daina amfani da su. Akwai na Hukumar Kwastam, wadda ta fara sayar da kayan da ta kama ko aka yi watsi da su ta intanet a 2017. Akwai na manyan gonaki da suka durƙushe da na bankunan da suka karɓe jingina. Sannan akwai taraktocin da dillalai ke saya a gwanjon Turai da Japan su shigo da su, waɗanda mai saye a nan yake biyan kuɗin gwanjon da bai halarta ba, har da la'ada da riba a kai. Tambayar farko a kowanne ita ce: me ya sa mai ita ya rabu da ita? Gonar da bashi ya kayar tana iya sayar da tarakta mai lafiya, domin matsalarta ba a injin take ba. Hukumar da ke da bakanikenta da garejinta kuwa ba kasafai take sakin abin da ke tashi ya yi aiki ba.

Masana tattalin arziki sun daɗe da lura da wannan. A 1970 George Akerlof ya wallafa wata maƙala kan kasuwar tsofaffin motoci a Amurka, wadda tana cikin ayyukan da suka ba shi kyautar Nobel a 2001. Abin da ya nuna shi ne, idan mai sayarwa ya san aibin kayansa, mai saye kuma bai sani ba, mai saye zai riƙa taya kowace mota da farashin mai shakka, masu motoci na gari su ƙi kawo nasu, kasuwa ta cika da rubabbu. Shekara ɗaya bayan haka wasu injiniyoyin man fetur uku suka bayyana wani abu game da gwanjon filayen haƙo mai: wanda ya yi nasara, galibi shi ne wanda ya fi kowa zuzuta darajar abin a ransa, saboda haka nasarar tasa kanta alama ce ta cewa ya wuce gona da iri. Bahaushe ya taƙaita duka biyun da ya ce ba a cinikin biri a sama. Malaman fiƙihu sun halatta cinikin wa-zai-ƙara, amma sun haramta najashu, wato mutum ya riƙa ɗaga tayi ba da niyyar saye ba sai don ya ingiza wani. Duk wanda ya taɓa tsayawa a filin gwanjo ya san har gobe akwai masu wannan sana'a. Kuma haƙƙin mayar da kaya saboda ɓoyayyen aibi, wanda mai saye yake da shi a cinikin yau da kullum, sharuɗɗan gwanjo sukan soke shi tun a takardar sanarwa: yadda ka gan ta, haka ka saye ta.

Taraktocin gwamnati suna da nasu tarihin. A ƙarshen shekarun 1970 ƙasar nan ta kafa masana'antar Steyr a Bauci tare da wani kamfanin Ostiriya, da ta NTM a nan Kano tare da Fiat na Italiya, duka biyun suna harhaɗa manyan motoci da taraktoci. Zamanin shirin ciyar da ƙasa na 1976 ke nan da juyin noma na 1980, lokacin da kusan kowace jiha ta buɗe sashen ba da hayar tarakta. Wanda ya zaga harabar tsofaffin ofisoshin gona a yau zai ga inda da yawansu suka ƙare: a kan duwatsu, babu taya, kaji suna ƙwai a ƙarƙashin kujerar direba. Ba tsufa ne ya kashe yawancinsu ba. Idan ɗaya ta tsaya saboda ƙaramin ƙarfe da babu shi a sito, sai a ciri wani abu daga jikinta a gyara 'yar'uwarta, gobe a sake cirar wani, har ta zama ƙashi. Irin wannan ce take fitowa gwanjo, kuma abin da ya fi tsada a jikinta, famfon man gas da na ɗaga garma da sitata, shi ne ya riga ya tafi. A watan Yunin 2025 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da taraktoci 2,000 da aka shigo da su daga Belarus. Ina yi musu fatan alheri, amma makomarsu tana hannun wanda zai ajiye kayan gyaransu a Kano shekara biyar nan gaba.

Yanzu ga wadda ta fi jan hankalin matasan manoma, musamman ma'aikatan da ke noma da albashi: 'yar ƙaramar tarakta ta Japan, Kubota ko Yanmar ko Iseki, mai ƙarfin doki 15 zuwa 30. Kyakkyawa ce, ba ta shan mai, farashinta kuma bai kai na babba ba. Sai dai an ƙera yawancinsu ne don ƙananan gonakin shinkafa na Japan, inda aikinsu shi ne juya wuƙaƙen da ke markaɗa laka mai ruwa. A fadamun da ke bakin madatsar Challawa, wadda aka kammala a 1992, ko kewayen Kusalla, inda ake shinkafa da kayan lambu a ƙananan fangali, wannan tarakta tana iya zama alheri, domin babba ba ta ma da wurin juyawa a can. Amma wanda ya saye ta don ya ja garma mai faranti uku a jan ƙasar tudu da ta sha rana wata bakwai, ko ya tayar da kunyar masara da dawa a eka ashirin, ya ɗora wa jaki kayan raƙumi. Za ta yi ƙoƙari, kuloci ya ƙone. Daga nan ne zai gano cewa samfurin da ke hannunsa an yi shi ne don kasuwar Japan kaɗai, littafinsa da lambobin kayansa duk da rubutun Japananci suke.

Abin da ya sa wannan ya zama babbar magana a wurinmu shi ne gajartar lokaci. Ruwa yakan zauna a Karaye da Rogo daga ƙarshen Mayu zuwa Yuni, kuma duk wanda ke son huɗa yana son ta ne a cikin makonnin nan. A ɗauka kwanakin da tarakta ke samun cikakken aikin haya arba'in ne. Idan ta tsaya kwana goma ana jiran wani ƙarfe daga Legas, rubu'in abin da za ta samar a shekara ya tafi, gonar mai ita ta makara, waɗanda suka ba da kuɗin kafin alƙalami kuma sun tsaya masa a ƙofar gida. Motar haya idan ta lalace yau, fasinja yana nan gobe. Damina ba ta da wannan haƙurin. Saboda haka tambayar da ta fi farashi muhimmanci ita ce: idan ta tsaya da hantsi a Zarewa ko Turawa, kwana nawa za a yi kafin ta sake tashi?

Amsar ba a filin gwanjo take ba, a Ƙofar Ruwa take. Kafin mutum ya sayi takardar shiga gwanjo, ya kamata ya ɗauki suna da lambar taraktar da yake hari ya shiga kasuwar kayan gyara a Kano, ya tambayi farantin kuloci, da nozul, da famfon ruwa, da matatar mai. Idan an ɗauko masa su daga kan kanta, to ya ci gaba. Idan aka ce a ba su mako biyu, ya riga ya ji amsarsa. Wannan ne sirrin Massey Ferguson 375 a ƙasar Hausa. Ba ta fi sauran ado ba, kuma fasaharta tsohuwa ce, amma injin Perkins mai silinda huɗu da ke cikinta kusan kowane bakaniken tarakta ya san shi ciki da bai, kamfanin Millat na Lahore a Pakistan kuma ya ci gaba da ƙera ta, don haka kayanta ba sa yankewa. Ana yi mata tsada a gwanjo, kuma a ganina tsadar tana kan hanya.

Ranar duba kaya, a tafi da bakanike, wanda mai saye ne ya biya shi, ba wanda dillali ya nuna ba. A je da sassafe a ɗora hannu a kan injin. Idan da ɗumi, an tayar da shi kafin ku iso, kuma da dalili. Injin gas mai lafiya yana tashi a sanyi ba tare da an tura ba. A kalli hayaƙi: shuɗi yana nufin tana ƙona baƙin mai, fari da ya ƙi ɗaukewa bayan ta yi zafi yana nuna ruwa na shiga inda bai kamata ba ko man ba ya ƙonewa, baƙi kuwa sau da yawa nozul ne ko matatar iska, wanda ya fi sauƙin gyara. A zaro sandar awon baƙin mai. Idan ya yi kalar koko da madara, ruwa ya haɗu da shi. A ɗaura mata garma a ɗaga sama, a kashe injin, a tsaya ana kallo: idan garmar ta sauko da kanta nan da nan, akwai aiki a famfon ɗagawa. Agogon da ke ƙirga awannin aiki ba abin dogaro ba ne, domin ana cire masa waya ko a sauya shi. Lallausar ƙarfen da ake takawa da girgizar sitiyari sun fi shi faɗin gaskiya. A leƙa ƙarƙashi a nemi tabon walda a gatarin gaba da inda injin ya haɗu da akwatin giya. Tayoyin baya biyu kaɗai suna iya cinye ribar arahar da ake murna da ita. Sabon fenti kuwa, musamman wanda ya hau kan kusoshi da tiyo da datti gaba ɗaya, ni yakan ƙara mini tsoro ne. Inda masu gwanjo suka hana a tayar da injin, sai a taya ta a matsayin wadda ba ta tashi, ko da an rantse cewa jiya ta yi aiki.

Ko ta tsallake duk wannan, saura lissafin shekara. Bijimin huɗa yana aiki yana ƙiba, yana ba da taki, bayan shekara uku ko huɗu a sayar da shi fiye da yadda aka saye shi. Tarakta tana tsaye ma darajarta raguwa take yi. Ba ta mayar da kuɗinta sai an nema mata aiki bayan huɗa: tirela don jigilar rake da masara da takin gida, injin sussuka da za ta juya da kaka, noman rani a fadama. Wasu masu taraktoci sukan fara da kudu inda ruwa ke riga sauka, su biyo shi zuwa arewa, su tsawaita kwanakin aikinsu. Gonakinmu kuma ƙanana ne, a warwatse, ga ɗorawa da kaɗanya da kututture a tsaka, man da ake ƙonawa tsakanin wannan gona da waccan ba wanda ke biyan kuɗinsa. Ga batun direba, wanda zai iya huɗe eka goma ya kawo lissafin bakwai, ko ya zuba gurɓataccen man gas na gefen hanya ya kashe famfo a mako guda. Masu haɗa kuɗi su saya a ƙungiya suna da hikima, amma su rubuta tun yanzu gonar wa za a fara shiga idan ruwan shuka ya sauka, domin a nan ne irin wannan tarayya ta fi watsewa.

Wanda ya yi wannan lissafi ya ga har yanzu tana da riba, ya fitar da kuɗin gyara, da na garma da haro idan ba a haɗa da su ba, da la'adar mai gwanjo, da kuɗin motar da za ta ɗauko ta, daga abin da ke aljihunsa. Abin da ya saura shi ne iyakar tayinsa. Ya rubuta adadin a takarda ya ba abokin tafiyarsa ya riƙe, don a janye shi idan zuciya ta ɗebe shi. Kada ya fitar da ita daga harabar sai da rasit, da takardar saki mai ɗauke da lambar injin da ta jiki daidai da waɗanda ke buge a ƙarfen, da takardun Kwastam idan shigo da ita aka yi. Ya kuma yi sayayyar tsakanin Disamba da Fabrairu, lokacin da bakanike yake da sarari, ya kai ta fadama ta yi aikin mako biyu, duk abin da zai karye ya karye kafin hadarin farko ya haɗu a gabas.